Gadon 'Yardada

"Wa ya buɗe ɗakin nan?!"

Tunda nake ban taɓa jin muryar mahaifina Baffa ta yi irin wannan rawar ba. Ina gindin murhu ina tuƙin tuwo, na saki muciya na fito da gudu, ko ɗankwalina ban gyara ba.

Yana tsaye a ƙofar ƙaramin ɗakin da ke jikin soro, jakarsa na rataye a kafaɗa. Dawowarsa ke nan daga fataucin shanu a Maigatari, ko ruwa bai sha ba.

"Ni ce, Baffa."

"Ina kayan da ke ciki?"

Na yi murmushi, ni a dole na yi abin a yaba. "Ai na ba Mikail su. Zai yi wa 'Yardada gado da kujera. Ba kullum kake cewa tarkace ne sun cika wuri ba..."

"Har da allon?"

"Har da shi. Tun shekaranjiya ma ya sa masa zarto."

Baffa ya dafa ƙyaure. Ya kalli ɗakin da na share tas na turare, ya kalle ni, sannan ya juya wajen mahaifiyata da ta fito daga ɗaki riƙe da carbi.

"A haɗa musu goronsu da alewarsu a mayar musu. Na fasa."

"Baffa!"

"Bahijja, kada ki sake in ji bakinki!"

Ya sa kai ya fice. Saura sati biyar a ɗaura mana aure da Mikail, katin gayyata ma yana wajen mai bugawa. Na zauna daɓas a tsakar gida, tuwo yana can yana ƙauri, na rasa ma ta inda zan fara kuka.

Kayan na Yaya Muttaka ne, ɗan farin gidanmu. Duk wanda ya tashi a Ƙofar Mazugal a wancan lokacin ya san shi, don shi ne golan unguwa, dogon nan mai dariya da ƙarfi. In ya tsaya a raga, yara har waƙa suke yi masa. Ni ce mai wanke masa rigunan wasa, ladana kuwa gyaɗa mai gishiri da goyo a keke har bakin ganuwa. Ranar da ba ƙwallo, sai ya fito da allon ƙwallon tebur ya ɗora a kan durom biyu a ƙofar gida, samari su taru har a kira magariba.

Shekara huɗu ke nan da motarsu ta kife a hanyar dawowa daga wasa. Ya bar matarsa Shamsiyya da jaririya 'yar wata uku, wadda aka sa wa sunan mahaifiyarmu. Da yake Dada muke ce wa mahaifiyar tamu, sai laƙabin 'Yardada ya bi yarinyar.

Yanzu Shamsiyya za ta yi aure ta koma Kaduna, 'Yardada kuma za ta dawo gidan ubanta. Da Baffa zai tafi Maigatari, da bakinsa ya ce, "Ya kamata a san yadda za a yi da tarkacen wancan yaron kafin yarinyar nan ta zo." Ni kuwa mai kunnen ƙwarai, Dada na fita gaisuwar mutuwa na kira Mikail ya zo da kurar ɗaukar kaya ya kwashe.

To wa ya fi shi cancanta? Abokin Yaya ne tun suna buga ƙwallon tsumma. Bayan rasuwar ya ajiye takalmin wasa ya kama kafinta a Mandawari. Shi ba ya sayen sabon katako sai dole. Tsofaffin kayan wasa yake bi yana tsinta a wajen 'yan gwangwan, ya mayar da su kayan ɗakin yara. Da farko kafintan bola ake ce masa. Yanzu matan manya ne ke ajiye mota a bakin titi su tako lungu da ƙafa suna neman shagonsa.

Washegari, daga Islamiyya ban zarce gida ba, na bi ta Mandawari.

Na tarar da Mikail yana goge ƙarfe, duk garin katako a gashin kansa. Yana ganina ya miƙe.

"Hasken idona... wa ya taɓa min ke? Idonki ya kumbura."

"Baffa ya ce ya fasa."

Ya saki abin da ke hannunsa. "Ya fasa me?"

"Aurenmu mana! Saboda kayan nan. Mikail, don Allah ka mayar da allon yadda yake!"

Ya kalli kusurwar shagon. Allon nan kore yana jingine, an raba shi, an lulluɓe babban ɓarin da takardar siminti an ɗaure da igiya.

"Bahijja, abin da zarto ya raba ba ya komawa."

"Shi ke nan na shiga uku! Garin neman gira na rasa ido..."

"Ki daina faɗin haka, raina yana ɓaci."

"To me ya sa ka rufe wancan?"

Ya sunkuyar da kai. "Don kada ƙura ta ɓata shi."

Na san ba gaskiyar ke nan ba, don Mikail in zai kauce wa magana sai ya sosa ƙeya, kuma ya sosa. Amma ban da ƙarfin bincike a ranar.

Ya ɗauko wata tsohuwar ƙwallo da ta sace, ya juya ta a hannunsa. "Kin ga wannan ɗinkin? Ni na yi shi da zaren buhu, ranar da muka je wasa Gwale. Sau uku ina buga masa a atisaye yana kamawa, yana ce min, 'Mika, je ka koyi sana'a, ƙwallo ba taka ba ce.' Ga shi kuwa na bi shawara."

Na yi dariya hawaye na zuba. Haka Yaya yake, bakinsa ba ya shiru.

"Ki ba ni kwana shida," in ji Mikail. "In ƙarasa aikin in kawo da kaina. In Baffa ya kore ni, ya kore ni da amanarsa a hannunsa. Ke kuma ga rigunan, ki ɗinka mata matasan kai kamar yadda muka shirya."

"In ya ƙi fa?"

"Sai in yi ta sintiri a ƙofar gidanku har furfura ta fito min. Ai ba ni da wata sai ke."

"Kai dai ba ka rabo da wasa!"

"Wallahi ba wasa nake ba, Bahina."

Kwana uku Baffa bai amsa gaisuwata ba. In na kai abinci soro sai ya kau da kai. Na rame, ni da ko zazzaɓi ba ya hana ni cin tuwo. Rabona da irin wannan baƙin cikin tun ranar da aka shigo da gawar Yaya.

Ran na huɗu da hantsi ina kan keken ɗinki, na shimfiɗa rigar Yaya mai ruwan ɗorawa, mai lamba ɗaya a baya, na kasa sa mata almakashi. Dada ta zo ta zauna a kan tabarma tana tsince shinkafa.

"Dada, ni fa ban gane laifina ba. Shi ya ce tarkace ne."

"Ke da aka kai boko sai kika dawo ba kya jin Hausa."

"Kamar yaya?"

"Tunda kike, kin taɓa jin ubanki ya kama sunan wancan?"

Na tuna baya. Ban taɓa ji ba. Kullum "wancan yaron" ne, ko "babban." Ita ma Dada haka.

"Ɗan fari ne," ta ce. "Mu a gidanmu ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane. Haka muka taras, fulako ke nan. Ranar da aka binne shi, mutane na ta kuka, ubanki na ba su haƙuri kamar ɗan maƙwabci ne ya mutu. Kina tsammanin dutse ne a ƙirjinsa?"

"Amma kullum faɗa yake masa a kan ƙwallo..."

Dada ta yi ɗan murmushi. "Faɗa a gida, kallo a bayan darbejiya. Duk ranar wasa sai ya ce zai je duba wani bijimi. Ya dawo da ƙurar fili a takalminsa, yana ta fara'a shi kaɗai, ya ce bijimin ya yi kyau."

Na dafe baki.

"Tun bayan rasuwar, duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya shiga ɗakin nan, wai yana duba gara. Ya fi awa a ciki. In ya fito, ga jan ido, ga tawada a yatsunsa. Ni ban taɓa tambaya ba, shi bai taɓa faɗa ba. In ya ce tarkace, 'yar nan, dukiyarsa yake nufi. Ba shi da wani sunan da zai iya kiranta da shi."

"Tawada kuma, Dada? Me yake rubutawa?"

"Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma ki yi tunani, mutumin da ya ɓoye abu shekara huɗu ko matarsa ba ta gani ba, yau ga shi a hannun wanda zai zama surukinsa. Da wane ido zai kalle shi?"

Sai a lokacin na gane ba fushi ne kawai ke cin Baffa ba, har da kunya. Na kifa kaina a kan rigar Yaya na yi kukan da ban yi ba tun ranar bakwai. Dada ba ta hana ni ba, ta ci gaba da tsintar shinkafarta, amma na ga tana zubar da mai kyau tana barin tsakuwa.

Ranar Asabar bayan la'asar muka ji ƙarar kura a ƙofar gida. A ranar ne kuma Shamsiyya ta ce za ta kawo yarinyar. Na lallaɓa na tsaya bayan labulen soro.

Baffa na zaune a kan buzu. Mikail ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa nesa da shi.

"Barka da yamma, Baffa."

Baffa ya kau da kai.

"Na zo ba da haƙuri. Na ɗauki kaya ban ji daga bakinka ba, laifina ne, ba nata ba. Ga su na dawo da su. Ban zubar da ko ƙusa ɗaya ba."

"Ka dawo da su a yayyanke."

"Haka ne, Baffa."

"To me ya rage?"

Mikail ya ƙara sunkuyar da kai, ya rage murya har sai da na matso da kunnena jikin labule.

"Babban ɓarin allon shi na yi kan gadon da shi. Ban kankare bayansa ba, ban shafa masa fenti ba, zarto ma ta gefe na bi da shi. Na juya shi yadda in an kafa gadon, bayan zai manne da bango. Ba mai gani."

Na ji numfashin Baffa ya canza.

"Ka karanta?"

"Layi ɗaya, kafin in gane abin da ke hannuna. Daga nan na rufe shi da takarda, a rufe na yi aikin har na gama."

"Wa ka gaya wa?"

"Babu kowa."

"Ita fa?"

"Ko ita. Kuma ba za ta taɓa ji daga bakina ba, ko an ba ni ita ko an hana ni."

Can waje mai rake na ta kiran ciniki. Baffa ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Shiga da su."

Cikin rabin awa ɗakin ya zama wani abu daban. Ƙarafan ragar da Yaya yake tsayawa a tsakaninsu su ne ƙafafun gadon, an shafe su da farin fenti. Ragar kanta an wanke ta, an ɗaura ta a gefe don kada yarinya ta mirgino. Ragowar allon ya zama ɗan tebur da kujera. Ƙwallayen da suka sace an raba su biyu an kafe a bango, wajen zuba ribbom na kitso da kayan wasa. Wilin keken da yake goya ni a kai an rataye shi a sama, gidan sauro na sauka daga jikinsa. Safar hannunsa ta gola kuwa, Mikail ya cusa mata auduga ya kafa ta kusa da ƙofa, tafin a buɗe, wajen rataye jakar makaranta.

Na jera matasan da na ɗinka. Mikail ya tura gadon har sai da kansa ya haɗu da bango, ya ce a hankali, "Gadonta ne na ubanta, na mayar mata da shi gado."

Baffa yana tsaye a tsakar gida ya ba ɗakin baya, wai yana duba igiyar shanya.

Sai ga sallamar Shamsiyya. Kafin a amsa, 'Yardada ta ƙwace daga hannunta ta shigo da gudu, kitso ya sha ado, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

Nan take fuskar Baffa ta sake. Abin da bai taɓa yi wa ɗansa ba, ga shi yana yi wa jikarsa a gaban kowa: ya ɗaga ta sama yana juyi da ita.

"Amaryata ta iso! Yau gidan nan sai wata ta yi yaji!"

"Ni ba na son ka! Kai tsoho ne, ba ka da haƙori!"

"Au, haka za ki ce? To na fasa ba ki ɗakin."

"Wane ɗaki?"

Ta zame ta leƙa. Sai ihu! Ta haye gadon tana tsalle, ta sauko ta tafa da safar hannun da ke bango, ta koma ta rungumo matashin nan mai ruwan ɗorawa. Ta ja hannun Baffa, dole ya shiga. Ya zauna a bakin gadon, idonsa na bin kayan ɗaya bayan ɗaya.

"Baffa, wannan lamba ɗaya ce! Na iya ta. Rigar wa ce?"

Duk muka yi cirko-cirko. Shamsiyya ta juya baya.

"Ta babanki ce."

"Babana da ya tafi wajen Allah?"

"Shi."

"Ya iya ƙwallo?"

Baffa ya gyaɗa kai. "Kaf garin nan ba a yi mai kamu irin nasa ba. Da idona na gani."

"Ya sunansa?"

Na kalli Dada. Dada ta kalli ƙasa. Yarinyar ta kama gemunsa tana girgizawa. "Baffa, ya sunansa mana?"

Baffa ya rungumo ta.

"Muttaka..." ya ce. "Sunansa Muttaka. Ɗana ne."

Dada ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki. Ni ban san lokacin da na durƙusa na kama ƙafarsa ba.

"Baffa, ka yafe min! Wallahi ban sani ba..."

Ya ɗora hannunsa a kaina. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

"Tashi, Bahijja. Ina za ki sani, tunda ban taɓa faɗa ba?" Ya kalli ƙofa, inda Mikail ya raɓe yana neman hanyar sulalewa. "Kai kuma kafinta, ka gaya wa manyanka ranar tana nan yadda aka sa ta. Sai dai ƙafar kujerar nan ɗaya ta fi sauran gajarta, ka zo ka gyara kafin in ba ka 'yata."

"To, Baffa! Yanzu ma kuwa!"

"Ba yanzu ba. Je ka, ka ishe ni."

An ɗaura aurenmu ranar da aka sa, a ƙofar gidanmu, daidai inda Yaya yake kafa allonsa. Tsofaffin 'yan wasan unguwa duk sun zo, wasu da tumbi, wasu da 'ya'ya a kafaɗa, aka yi ta tuna baya ana dariya ana share ido.

Yau shekara biyu ke nan. In na je gida nakan share ɗakin 'Yardada, in zagaye gadon da tsintsiya, ban taɓa jan sa daga jikin bango ba. Amma ni ma ɗiyar Adam ce, abin yana cina. Rannan da safe na kawo wa Mikail koko da ƙosai mai zafi, na zauna kusa da shi, na langaɓar da kai.

"Masoyina..."

"Na'am. Wannan muryar ta roƙo ce."

"Layi ɗayan nan kawai. Me Baffa ya rubuta?"

"Miƙo min sukari."

"Don Allah! Ni fa matarka ce!"

Ya ajiye kofin, ya kama hannuna, ya daɗe yana kallona yana murmushi.

"Bahina, da shirun nan na same ki. In na faɗa, da me zan riƙe ki?"

Na harare shi, na miƙa masa sukarin.